Malam Raimi Ojo, Mai Tafiya a Bayan Yara

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa kowa zai koma idan lokacinsa ya yi.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Satumba na wannan shekara ta 1956, a farkon watan Safar, Allah ya karɓi ran Malam Raimi Ojo, hedimastan makarantar En'e ta unguwarmu da ke gefen Titin Bauchi a nan Jos. Ya cika da hantsi a asibiti bayan ciwon ƙirji na kwanaki kaɗan, aka yi jana'izarsa bayan azahar ana yayyafi. Ya bar matarsa Kudirat da 'ya'yansa biyu, Isiaka da Shakirat. Ya kuma bar yara masu yawa waɗanda ba shi ya haifa ba, ciki har da nawa.

Ni ce Maimunatu, mai koyar da ajin mata na yaƙi da jahilci a wannan unguwa. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da saurin yabo. A makarantar 'yan mata da na yi a Kano an koya mana cewa wanda ya yi aikinsa bai yi abin mamaki ba, abin da aka ɗauke shi ya yi ke nan. A kan wannan na tashi, a kansa nake tarbiyyar 'ya'yana. Amma kai, Malam, ka yi abin da ba wanda ya ɗauke ka ka yi, don haka dole in faɗa. Kuma ina rubutun nan da tsoro a raina, domin tsarin da ka kafa a makarantar nan shi ne ya riƙe ɗana Gwadabe a cikin aji. Ranar da tsarin ya rushe, karatunsa ya ƙare, mahaifinsa zai zaunar da shi gaban keken ɗinki, ni kuma ba ni da sauran abin da zan ce.

Wanda bai zauna a Jos ba sai an yi masa bayani. A wurin haƙar kuza, kowane rukunin leburori yana da helma. Shi ke raba aiki, shi ke tsawa, kuma da yawansu suna da rabo a cikin duk abin da lebura ya samu da guminsa. Yaran garin nan sun tashi suna ganin haka, sai suka ɗauko shi suka kai makaranta. Manyan yara suka naɗa kansu helma, ƙanana suka zama leburori. Idan an fita tara, kowane ƙaramin yaro sai ya kwance ƙunshin abincinsa a gaban helmansa, shi kuma ya ɗebi abin da ya ga dama. Idan an tashi, sai a tara alluna da littattafan manya a cikin tsohon kwanon ɗaukar ƙasa, a ɗora wa ƙarami a ka, a kora shi ta bakin kududdufan da masu kuza suka haƙa suka bari. Malamai sun sani. Iyaye ma da yawa sun sani, dariya kawai suke yi, wai yara suna koyon aiki.

Ni ban sani ba. Gwadabe shi ne ɗana na uku, ƙaramin jiki gare shi, kuma yana da i'ina tun yana koyon magana. Shekara biyu da suka wuce na lura yana dawowa gida da yunwa kamar ban ƙulla masa ƙosai ba. Na ɗauka haɗama ce, na yi masa faɗa. Daga nan ya fara ciwon ciki duk safiya, ciwon da ke warkewa ranar Asabar. Sai wata Juma'a, bayan wanzami ya yi masa aski, ina cuɗa masa kai na ji fatar tsakiyar kansa ta yi kanta, gefenta ya ɗaye, irin yadda kan matan da ke ɗaukar ƙasa a rami yake yi. Yaro ɗan shekara takwas, wanda ban taɓa ɗora masa ko tulu ba.

Ya daɗe kafin maganar ta fita daga bakinsa. Helmansa wani yaro ne mai suna Jika, babba, ɗan aji biyar. Ba kwanon ne ya fi damun Gwadabe ba. Kowace rana kafin a sauke masa kaya sai ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, helma." Bakinsa kuwa ba ya iya fitar da ita a tashi ɗaya, sai ya tsaya yana maimaita farkon kalmar, sauran yara suna tafi suna amsa masa kamar waƙa, har sai ya yi kuka.

Mijina, mahaifin Gwadabe, tela ne, mutum mai haƙuri wanda ba ya son rigima. Ya ce, "Bokon nan dole ne? A bar shi ya zauna nan ya koyi ɗinki, keke ba ya yi wa kowa dariya." Na roƙe shi ya ba ni mako ɗaya. Litinin da safe na yafa mayafina, na karyo tsumagiya, na nufi makaranta.

Wannan ce ranar da na fara ganinka kusa, Malam. A lokacin ba ka daɗe da zama hedimasta ba. Na same ka a ofis kana shan shayin da ya riga ya huce. Ka dubi fuskata, ka dubi hannuna.

Ka ce, "Sannu da zuwa, Iya Gwadabe. Wannan tsumagiyar tawa ce ko ta wani?"

Na ce, "Ta Jika ce. In ba za ka iya ba, kira mini shi, ni zan iya."

Ka saurare ni har na gama, ba ka katse ni ba, kuma na yi magana mai zafi a kan malaman da ke karɓar albashi suna kallon ana cin zalin yara. Da na yi shiru, sai ka cire hularka ka sunkuyar da kai. A tsakiyar kanka akwai wuri kamar tafin hannu inda gashi ba ya fitowa. Ka ce a barikin kuza aka haife ka, iyayenka daga Ogbomosho suka zo, kuma ka ɗauki kwano tun kana ƙarami kafin Allah ya kai ka aji.

Ka ce, "Na san nauyinsa. Amma in na zane Jika yau a gabanki, gobe zai rama a kan Gwadabe a bakin kududdufi. Can kuma ba ni, ba ke."

Na ce, "To a hana wannan suna na helma gaba ɗaya. A kori duk wanda ya sake faɗinsa."

Ka ce, "Sunan suke so, Iya. Bari in ba su shi da kayansa duka."

Ban gamsu ba, kuma ban ɓoye maka ba. Na fito na tsaya a gindin mangwaro don in ga abin da za ka yi.

Ka sa aka kaɗa ƙararrawa, yara suka yi layi. Ka ce duk wanda ya san shi helma ne ya fito gaba. Da farko ba wanda ya motsa. Ka ce ba duka za a yi ba, sai suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, Jika ya fi kowa tsawo. Sannan ka ba su labarin helman da ka yi aiki a ƙarƙashinsa kana yaro, wani dattijo mai suna Pam. Ka ce bai taɓa cin abinci ba sai ya ga kowa a rukuninsa ya ci. Ka ce wata damina bangon rami ya fara zubowa, kowa ya gudu, shi ya tsaya a ƙasa yana tura mata da yara sama, sai da ya ga ba saura sannan ya hau, kuma da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa. Ka ce wannan shi ne helma. Wanda ke cin ƙosan ƙanana kuwa, ɓarawo ne kawai da ya ari sunan.

Daga wannan rana ka kafa dokarka. Kowane helma ka ba shi ƙananan da ke hanyar gidansu. Da safe zai bi ƙofa-ƙofa ya ɗauko su. Idan an fita tara ba zai kwance abincinsa ba sai ya duba kowa yana da abin ci, wanda bai zo da komai ba a gutsura masa. Idan an tashi zai kai kowa har ƙofar gidansu, ya yi sallama a amsa, shi ne na ƙarshen shiga gida. Idan aka ga hawaye a fuskar ƙarami, helmansa za a tambaya, ko da ba shi ya taɓa shi ba. Wanda ya kasa, za a sauke shi a gaban makaranta, ya koma cikin layin ƙanana a riƙe masa hannu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ka bar Gwadabe a hannun Jika. Na ce maka wannan wauta ce. Ka ce in ka raba su, Gwadabe zai ci gaba da jin tsoronsa har ya girma, shi kuma Jika ba zai taɓa biyan abin da ya ci ba. Ka yi mini alkawarin cewa ba za su bi hanyar nan su kaɗai ba.

Ka cika alkawari. Gidanka yana can gaba da namu a Titin Bauchi, kuma layin yaran hanyarmu shi ne mafi tsawo, shi ke bi ta tashar mota da bakin kududdufai. Tun daga ranar, safe da rana, kana bayan wannan layi. Kana da keke mai kyau, amma ba ka hawa, tura shi kake yi, jakarka a rataye a kan kariyar bayan keken. Mutanen unguwa har tsokanarka suke yi. Mai shayin bakin tasha yakan ɗaga murya ya ce, "Oga hedimasta, keken nan ba shi da lafiya ne, kullum kana yi masa jinya?" Kai kuma ka ce, "Lafiyarsa lau, makaranta nake kai shi."

Ba a gyaru a rana ɗaya ba, kada wani ya yi zaton haka. A mako na biyu Jika ya hango ana ƙwallo, ya saki yaransa a kan hanya ya tafi. Kai ka ƙarasa da su gida. Washegari ka sauke shi. Na gani da idona: ƙaton yaro mai kusan tsawon malamai yana tafiya a tsakiyar ƙanana, wata yarinya 'yar aji ɗaya tana riƙe da hannunsa, kansa a ƙasa, duk tasha ana kallo. Na sha dukan yara a rayuwata, amma ban taɓa ganin bulalar da ta shiga jikin yaro kamar wannan tafiyar ba.

Mahaifin Jika, wanda shi kansa helma ne a wani kamfanin kuza, ya zo makaranta yana faɗa. Malaman da suke wurin sun ba ni labari. Ya ce, "Malam, boko na kawo shi ya koya, ba raino ba. Ɗana ne zai zama yaron 'ya'yan tela?" Ka ba shi kujera, ka ce, "Oga, in ka tashi aiki ka bar mutum ɗaya a cikin rami, wa Bature zai tambaya?" Ka ce, "To aikinka nake koya masa." An ce da zai fita ya ja kunnen ɗan nasa, ya ce in aka sake sauke shi kada ya dawo masa gida.

Bayan wani lokaci ka mayar wa Jika matsayinsa, kuma bai sake rasa shi ba. A daminar bara ruwa ya cika rafin da ke tsakaninmu da makaranta. Ina tsaye a zaure hankalina a tashe, sai ga su. Jika ya goyo Gwadabe, littattafansu a ƙulle cikin rigarsa a kan kansa, ya jiƙe har wuya. Ashe haka ya yi ta haye da su ɗaya-ɗaya, kai kana tsaye cikin ruwa har gwiwa kana karɓa. Na ba shi gwate mai zafi. Ya ƙi zama, ya ce saura yara biyu bai kai ba.

Ba wannan kaɗai ka yi ba. Ka karɓe bulala daga hannun monitoci, ka ce yaro ba ya hukunta yaro. Ka hana malamai kiran ɗalibi jaki ko daƙiƙi, har ka yi saɓani da wasu a kan haka. 'Yan matan manyan aji sun daɗe suna shan maganganun banza daga yaran mota a tasha, har wasu iyaye sun fara cire 'ya'yansu. Ba ka yi faɗa da kowa ba. Tsayawa kawai kake yi da kekenka, ka kira yaron da sunansa, ka tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa, ka ce ya gaishe ta. Kusan duk ka san gidajensu. Kunya ta kashe abin.

Shi kuwa Gwadabe, ka hana a ƙarasa masa magana. Ka gaya wa ajinsu cewa in ya fara faɗin abu, kowa ya jira, ko da za a kai tashi. Yaron da ba ya buɗe baki ya zo yana karanta littafi a gaban aji. I'inar ba ta tafi ba, amma tsoron ya tafi. Mahaifinsa ya daina maganar keken ɗinki.

Mun yi ta saɓani da kai har ƙarshe, kuma ba zan fasa faɗa ba don ka mutu. Har yau ina ganin akwai yaron da ba ya jin magana sai da tsumagiya, kuma da ka ɗan riƙa taɓa su da ba ka sha wahala haka ba. Kana da sakaci da kanka. Kana manta abinci, kana manta rigar ruwa, shayinka kullum sai ya huce. Na sha gaya wa Kudirat ta riƙa yi maka faɗa. Takan ce, "Yaya, in na yi magana sai ya ce in shiga layi a riƙe mini hannu."

Wannan sakacin ne ya zama sanadi, ko da yake kwana ne ya ƙare. A ƙarshen watan jiya aka yi ruwa mai ƙarfi da iska daidai lokacin tashi, irin ruwan Jos mai sanyin da ke shiga ƙashi. Ka ba 'yan mata laimarka, ka bi layi a baya kamar kullum har aka kai na ƙarshe. Na gan ka ka wuce ƙofarmu rigarka ta manne a jiki. Na ɗaga murya na ce ka shigo ka fake. Ka ɗaga mini hannu ka wuce. Wannan ne ganina da kai na ƙarshe. Da na sani, da na fito na tare hanya, ko da za a ce matar tela ta yi rashin kunya.

Kudirat ta gaya mini cewa da zazzaɓi ya yi zafi a asibiti, ba ka gane masu zuwa dubiya. Abu ɗaya kake ta tambaya: "Kowa ya isa gida?" Sai ta ce maka, "Kowa ya isa, Malam." Sannan ka lafa.

Yanzu bari in juya ga iyaye 'yan'uwana, domin ta'aziyyar da ba ta bar wa masu rai gargaɗi ba kuka ne kawai. Ku da kuke cewa wasan yara ne, ku ji tsoron Allah. Abin da ake yi wa mutum yana kuka ba wasa ba ne. Ku duba kan 'ya'yanku da bayansu idan kuna yi musu wanka. Ku tambayi yaron da ke dawowa da yunwa wa ya ci abincinsa. Ku kuma da 'ya'yanku ne manya masu ƙarfi, kada ku yi alfahari don ana jin tsoronsu. Yaro bai ƙirƙiri zalunci ba, a wurinmu ya gani. Ya ga yadda ubansa ke yi wa na ƙasa da shi a wurin aiki, ya ga yadda uwarsa ke yi wa 'yar aiki a gida. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin da ya kamata mu duka mu ɗauka, ya yi ta tafiya cikin ruwa muna zaune a inuwa, yau ga shi mun binne shi.

Bayan jana'iza aka rufe makaranta sauran kwanakin makon. A cikinsu na ji maganganun da ba su yi mini daɗi ba. An ce za a turo sabon hedimasta daga wani gari, wanda bai san mu ba. An ce wani malami ya riga ya fara cewa raka yara ɓata lokaci ne, a mayar wa monitoci bulalarsu a huta. Gwadabe ma ya ji. Tun ranar Talata bai haɗa kalma uku ba. Ranar Lahadi da la'asar ya zo ya tsaya kusa da ni ina tankaɗe, ya daɗe yana kokawa da bakinsa, sannan ya ce ba zai koma ba. Sai na ga mahaifinsa ya jawo ƙaramar kujera ya share ta, ya ajiye kusa da keken ɗinki.

Litinin da safe, wato jiya, gari ya waye da hadari. Na shirya shi da ƙarfi, na ƙulla masa ƙosai, ya zauna a bakin ɗaki ya ƙi tashi. Na karyo tsumagiya na fita zaure ina jiran lokaci ya yi. A gaskiya ban san ko za ta yi amfani ba. Zan iya kora shi makaranta yau, in kora shi gobe, amma ba zan iya bin sa bakin kududdufi kullum ba.

A wannan zauren na saba tsayawa kowace safiya. Kafin in ga yara nakan ji ƙarar kekenka, wannan ƙas-ƙas ɗin da yake yi idan ana tura shi. Shekara biyu ina jin ta ban taɓa lura ina jira ba. Jiya na tsinci kaina na kasa kunne. Motar itace ta wuce, mai koko ta wuce. Babu ƙarar keke, Malam. Ba za a sake jin ta a hanyar nan ba.

Sai na ji sallama. Jika ne, da layinsa a bayansa, ba wanda ya aiko shi, ba malami ko ɗaya tare da su. Idanunsa sun kumbura. Ya durƙusa ya gaishe ni.

Ya ce, "Inna, Gwadabe ya shirya?"

Na ce, "Ya ce ba zai je ba."

Ya nemi izini ya leƙa tsakar gida, ya ɗaga murya. "Kai, Gwadabe, tashi mana! Ka ga babu kowa a baya yanzu, ni zan koma can. Gaba kuma ba mai riƙewa. Ga Atine nan, tun daga gida take kuka, ni hannuna biyu ne kawai."

Atine ƙaramar yarinya ce 'yar aji ɗaya, 'yar maƙwabtanmu. Tana tsaye majina har baki, allonta a rungume. Na ga ɗana ya ɗago kai ya dube ta. Ya tashi, ya ɗauki jakarsa, ya fito. Ya sa gefen rigarsa ya share mata fuska, abin da da wata rana ce sai na yi masa faɗa a kai. Ya kama hannunta, ya juya wajen Jika zai amsa, sai kalmar ta maƙale. Ya yi ta maimaita farkonta. Yara duka suka tsaya suna jira, yayyafi yana sauka a kansu, ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ƙarasa masa. Can ya ce, "To, helma."

Suka tafi, Gwadabe a gaba, Jika a can baya inda kake tafiya. Na tsaya ina kallonsu har suka sha kwanar tasha. Da na koma ciki na tarar mahaifin Gwadabe ya mayar da kujerar nan inda take. Tsumagiyar kuwa na sa ta a murhu.

Rana ɗaya ce kawai, na sani. Jika zai gama a ƙarshen shekara, kuma yara ba za su iya riƙe abin nan su kaɗai ba in manya suka sake shi. Don haka ina roƙon hukumar En'e da duk wanda za a turo ya zauna a kujerar Malam: ku zo ku tsaya a bakin Titin Bauchi da safe ku gani kafin ku taɓa komai. Mu matan ajin yaƙi da jahilci mun yi shawara jiya, kowace za ta riƙa tsayawa a ƙofar gidanta lokacin wucewarsu, mazajenmu kuma mun ce su raba kwanaki a bakin kududdufai har damina ta wuce. Wanda ya ƙi, zan je gidansa da kaina, kuma sun san ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yar'uwata Kudirat. Allah ya ba ki haƙuri, ya tsaya miki, ya sa ki ga amfanin zaman da kika yi da mutumin kirki. Isiaka da Shakirat, mahaifinku ya raba lokacinsa da ku ya ba 'ya'yan wasu, ba ku taɓa yin ƙorafi ba. Allah ya raya ku, ya haɗa ku da masu riƙe muku hannu kamar yadda ya riƙe na wasu. Ƙofata a buɗe take gare ku, kuma zan yi muku faɗa kamar nawa. Ina yi wa danginsa na nan Jos da na Ogbomosho ta'aziyya, da malaman makaranta, da ɗalibansa Musulmi da Kirista waɗanda suka yi kuka tare a ƙofar gidansa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Raimi. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sanya kowane taku da ya yi a bayan yaran nan a cikin mizaninsa, ka sa sanyin ruwan da ya dake shi ya zama kariya gare shi daga zafin ranar tsayuwa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Malam, jiya da rana na tsaya a zaure har suka dawo, na kuma aika aka duba sauran gidajen. Kowa ya isa gida. Kai ma Allah ya isar da kai gidan Aljanna lafiya, amin.